Takardar da Malam Isiyaku Bai Rubuta Ba

Shekara tara da wata huɗu ke nan rabona da gida. A tsawon wannan lokaci na saba da jin mutuwa a makare, bayan an binne, an share makoki, masu kuka sun koma harkokinsu. Wannan ma haka ta zo mini. Ranar Talata na dawo daga masana'antar da nake aiki a nan arewacin Ingila, na tarar da wasiƙa a bakin ƙofa. Tun daga bayan ambulan na gane hannun Markus mai walda na Makarfi, domin har yau yana danna biro kamar mai huda ƙarfe. Sati biyar ta yi a hanya. Layi na uku ya ce Malam Isiyaku Kudan ya rasu ranar wata Alhamis bayan ciwon ƙirji na kwana goma sha ɗaya, kuma an binne shi a Kudan kafin la'asar.

Wannan layin na karanta shi a tsaye. Abin da ya zaunar da ni a kan matakala yana can ƙasan takardar. Markus ya ce mutum biyu kacal suka zo gaisuwa daga ƙauyen Likoro, kuma ɗayansu da ya shafa addu'a sai ya ƙara da cewa, "Allah ya yafe masa abin da ya yi mana." A gaban Sani, babban ɗan marigayin, ya faɗi haka. Babu wanda ya tanka, domin duk wanda ke zaune a wurin ya yarda cewa akwai abin yafewar.

Ba shi ya yi ba. Ni na yi. Shi ya sa wannan rubutu ba zai zama irin yabon da aka saba yi wa mamaci ba. Mutum ne ya shiga kabari da laifin wani a kansa, kuma idan ban yi magana yanzu ba, 'ya'yansa za su gaje shi tare da gidan.

Na fara aiki a ƙarƙashinsa a Ikara, a sashen injunan noma na ƙaramar hukuma, a shekarun da soja suka karɓi mulki aka shiga tsuke bakin aljihu. A lokacin har Makarfi da Kudan da ƙauyukansu ofishinmu ne ke kula da su. Sashen kuwa suna ne kawai. Tarakta biyar gare mu, huɗu suna kan duwatsu ba taya, ta biyar ɗin sai an tura. Ni sabon injiniya ne da ya fito daga jami'a da kai cike da lissafi, shi kuma ya haura arba'in, siriri, mai tsohon babur da ba ya tashi sai an gangara da shi. Ni Kirista ne, shi Musulmi, kuma ban taɓa jin wannan ya shiga tsakaninmu ba, sai dai ranar Lahadi ba ya nemana ko da wuta ce ta kama ofis.

Yana karatun digiri na biyu a fannin injiniyan noma a Zariya, kwana biyu a mako. A can ya ɗauko rigimar da ta bi shi har ƙarshe. Ya nemi a bar shi ya haɗa karatunsa da darussan wani sashe, inda ake koyar da yadda sabuwar fasaha take fita daga hannun wanda ya ƙirƙira ta shiga hannun jama'a: wa zai saya, wa zai gyara, wa zai rasa abin yi saboda ita. Aka ce masa babu wannan a tsari, injiniya ya tsaya ga ƙarfensa. Sai ya riƙa shiga ajin ba rajista, yana zama a bencin baya tare da yaran da ya girme da shekara ashirin. Ya sha faɗa mini, "Dauda, an koya mana yadda inji ke juyawa. Ba a koya mana yadda yake zama a gari ba." Duk zanen da na kai masa, kafin ya duba lissafin sai ya tambaye ni, "Wa zai gyara shi ranar da ba ma nan?"

Akwai safiyar da ya bi ni gidanmu a bayan garin Ikara, ya nemi izinin mahaifiyata, ya zauna a kan turmin da aka kife yana kallon yadda take sussukar dawa. Ya tambaye ta ina take kai ƙaiƙayin, da wa ke taya ta, da me take ba wadda ta taya ta. Duk ya rubuta. Da ya tafi sai ta ce mini, "Dauda, wannan ogan naka lafiyarsa ƙalau kuwa? Namiji da gemunsa yana tambayar kuɗin ƙaiƙayi?" Daga baya duk kaka sai ta aika masa da ƙullin daddawa.

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Mutum ne mai taurin kai, kuma ba ya son bayani. Yana ganin abin da ya gani kowa ma ya gani, idan kuma ba ka gani ba sai ya yi shiru ya bar ka da kunyarka. Na sha jin haushinsa a kan wannan.

Shi da Markus suka ƙera injin sussukar dawa daga tarkacen taraktocin nan da suka mutu, suka ɗora masa injin famfon ruwa da aka aro daga wani mai lambu. Markus mutumin kudancin Kaduna ne da ya daɗe a Makarfi, bakinsa ba ya hutawa. Shi ya raɗa wa injin suna Uwar Haɗama. "Malam," in ji shi ranar gwajin farko, "wannan matar taka ba ta tauna abinci. Dami goma kafin in ajiye kwanon kunu! Idan ta gama da dawa mu za ta juyo." Malam bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon tsabar da ke zuba, ya ce, "Saurin nan ne yake ba ni tsoro."

Tsarin da ya yi shi ne a gwada injin a Likoro, da gidaje goma sha bakwai ƙarƙashin wani dattijo, Baba Tanimu, wanda manoman wurin ba sa ƙetare maganarsa. Kowane gida zai ba da dami biyar kawai. Sauran ya zauna a rumbu yadda aka saba. Malam zai bi gidajen shekara guda cur ya ga abin da ke faruwa da dawar da aka sussuke a rana ɗaya. Wannan shi ne zuciyar kundin digirinsa. A daidai lokacin kuma wani gurbin karatu ya fito a ƙasar waje, guda ɗaya tak, na kwas ɗin da ya haɗa aikin injiniya da sarrafa sabuwar fasaha, wato ainihin abin da aka hana shi a Zariya. Sunansa ne na farko a takardar masu nema. Nawa na biyu, don dai a cika layi. Kantoman ƙaramar hukumarmu ne zai sa hannu.

Bayan an gama girbi ya tafi Zariya jarrabawa ta sati uku, ya bar mini injin da durom ɗaya na man gas da muka sha wahala kafin mu samu, da umarni a rubuce. Mai lambu ya fara aike yana son injinsa. Na duba man, na duba kwanakin, na ga idan muka tsaya a dami biyar-biyar babu wanda zai san mun yi wani abu. Na je wurin Baba Tanimu na ce a sussuke duka.

Ya kalle ni. Sa'an nan ya ce, "Injiniya ƙarami, ka san abin da ya sa muke ajiye dawa da zangarniyarta?"

Na ce, "Saboda babu inji, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "Ɗan nan, dami yana cikin rumbu, ni nake hawa in fitar. Ɗaya yau, ɗaya jibi. Mata su sussuke, a ci. Ɗan cikina bai san nawa ya rage ba, balle suruki, balle ɗan kasuwa. Da haka take kai mu wata kaka. Ranar da ta koma buhu, kowa ya iya ƙirga ta, kowa kuma ya iya ɗaukar ta."

Na amsa masa da lissafin ɓarnar ɓeraye da ƙwari, na zana masa a ƙasa da tsinke. Bai kalli zanen ba. Ya ce, "Malam Isiyaku ya san da wannan?"

Na ce, "Ya sani, Baba."

Ƙarya ta farko ke nan. Saboda sunan Malam suka buɗe rumbunansu. Kwana shida Uwar Haɗama tana ci. Aka samu buhu ɗari da talatin da shida, kuma tun da ɗakunan mutane ba a gina su don buhu ba, sai muka tara su a tsohon siton auduga da ke bakin gari, aka sa makulli. Abu ɗaya kawai na bi daga umarninsa: na ware buhu tara na iri, na cuɗa su da jan maganin ƙwari.

Da na ga buhunan nan jere har rufi, sai na ji ba zai yiwu a ce babu wani babba da ya gani ba. Na zauna a gaban tafiretar ofis na buga takarda zuwa ofishin Kantoma, ina gayyatarsa ya zo ya ga abin da sashenmu ya yi. Na faɗi yawan buhunan. Na faɗi inda suke. Wanda ya yi aikin gwamnati ya san al'adar: ƙaramin ma'aikaci ba ya aika takarda da sunansa. Sunan shugaban sashe ake bugawa a ƙasa, kai kuma ka ja ɗan sa hannunka a gefe ka rubuta "a madadin". Haka na yi. Ban yi niyyar cutar da kowa ba, amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba: so nake Kantoma ya zo Malam yana Zariya, ya tarar da ni tsaye kusa da injin. Na san kuma hannun wa takardar gurbin karatun ke jira.

A kwanakin nan kullum rediyo yana shelar yaƙi da masu ɓoye kayan abinci. Ana fasa shaguna a birane ana sayar da kaya a farashin gwamnati. Ina ji kamar kowa. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa takardata za ta iya sauka a tebur ɗin da ba shi na nufa ba.

Malam ya dawo ranar Lahadi. Da yamma na same shi a gida yana wanke babur, na ba shi labari ina murmushi. Ya ajiye tsumman.

"Duka?"

"Duka, Malam."

"Rumbunan fa?"

"Babu komai a ciki."

Can ya ce, "Wa ya san suna siton?"

Takardar tana kan harshena. Na ce, "Mutanen gari kawai."

Ya ce to da sauƙi, gobe da safe mu je a fara mayar wa kowa nasa, ko a ƙarƙashin gado ne a cusa, kafin mako ya ƙare siton ya zama fanko.

Hantsi bai gama ɗagawa ba muka buɗe siton. Mutum uku sun riga sun ɗauki buhu a ka, sai muka ji ƙarar motoci. Landiroba ɗaya, manyan motoci biyu. Ba a taɓa yin mummunan daidaituwar lokaci irin wannan ba, domin abin da suka tarar shi ne ƙofa a buɗe da mutane suna fita da kaya. Hafsan da ya sauko sa'ana ne, ko ma na girme shi. Ya ce wa mutanensa, "Kun gani? Sun ji labari, suna kwashewa." Sojoji suka zagaye wurin. Mata da suka leƙo daga gidaje suka koma ciki da 'ya'yansu.

"Wane ne mai kayan nan?"

Baba Tanimu ya cire hula. "Na gida goma sha bakwai ne, ranka ya daɗe. Abincinmu ne na shekara."

"Abincin gida a sito da makulli? Tsoho, ni ma ɗan manomi ne. Abincin gida a rumbu yake. Wannan kayan ɗan kasuwa ne. Faɗi sunansa."

Babu sunan da zai faɗa. Hafsan ya sa a ɗora wa dattijon buhu a ka, ya tsaya da shi har ya tuna. Sojoji biyu sun riga sun kama kunnuwan buhun lokacin da Malam ya shiga tsakani. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan tsoho bai tara komai ba. Sashena ne ya sussuke, sashena ne ya tara. Idan akwai mai ɗauka, ni ne."

"Kai ne wa?"

"Injiniya Isiyaku."

Hafsan ya laluba aljihun gaban rigarsa ya zaro takarda. Tun daga nesa na gane ta, har da harafin da tafiretarmu ke bugawa a karkace. Ya karanta ta da ƙarfi, yana fassara wa jama'a: yawan buhu, wurin da suke, da roƙon hukuma ta zo ta gani. Ya karanta sunan da ke ƙasa. Sa'an nan ya miƙa wa Malam.

"Kai ka rubuta wannan?"

Taku uku ne tsakanina da shi. Na ga idonsa ya bi layukan ya sauka ƙasa, ya tsaya a kan ɗan sa hannun da ke gefe. Ya san shi kamar yadda ya san nasa, kullum yana ganin sa a takardun mai. Ya daɗe a wurin. Ban yi takun nan uku ba. Bai juyo ya kalle ni ba. Ya ninke takardar ya mayar.

"Daga ofishina ta fito. Sunana ne a kai."

Ko a nan bai yi ƙarya ba. Wani gunaguni ya bi cikin taron. Baba Tanimu, hula a hannu, ya ce, "Malam, kai ka kira su?" Hafsan ya yi tsaki ya ce ashe ɓarayi ne suka ɓata a tsakaninsu, wanda ya tara shi ne ya kai ƙara. Ya sa aka ɗora wa Malam buhun. Ya tsaya da shi a rana ana lodin motoci. Ya faɗi sau biyu, sau biyu ana tashe shi.

A faɗuwa ta biyu, yana ƙasa, ya ga an kai ga buhunan da ke lungu. Ya ɗaga hannu ya ce a ba shi izinin magana ɗaya. Ya rarrafa ya kwance bakin buhu, ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya fito da shi jajur. "Wannan iri ne, ranka ya daɗe, an sa masa magani. Duk wanda ya saya ya ci, gawarsa tana wuyanka." Hafsan ya kalli hannun, ya kalli sojojinsa, ya ce a bar su. Buhu tara ke nan. Da su Likoro ta yi shuka a shekarar. Sauran an kai kasuwar Makarfi an sayar kafin azahar, abin da ya dawo hannun masu shi bayan watanni bai sayi rubu'in abin da aka ɗauka ba.

Wanda ya zauna a Likoro a daminar nan ya fi ni sanin abin da ya biyo baya. Magidanta sun bar gonakinsu cikin ciyawa suna ƙwadago a na wasu don mudu ɗaya. An ci rama da tafasa ba gari. Baba Tanimu ya jinginar da fadamar da ya gada, ba ta kuma dawo ba. Malam kuwa ya sha daga ɓangare biyu. A gari shi ne wanda ya sa aka fasa rumbu sa'an nan ya kira soja. A ofis shi ne wanda ya haɗa baki da masu ɓoye abinci. Da aka fitar da sunayen ma'aikatan da za a rage, nasa yana ciki. Aka soke izinin karatunsa, kundin kuma ya tafi tare da dawar, tun da babu sauran abin da zai bi ya rubuta. Aka ja layi a kan sunansa a takardar gurbin karatu, nawa ya hau sama.

Na je gidansa ranar da yake ɗaure kaya zai koma Kudan. Na ce, "Malam, zan je in faɗa."

Bai daina ɗaurin ba. "Ka faɗa wa wa?"

"Kantoma. Da Baba Tanimu."

"Za su dawo da dawar?"

"A'a."

"Za su dawo da ni?"

Ya ƙulle igiyar, ya amsa wa kansa.

"Sai su kori biyu maimakon ɗaya, gurbin kuma a ba ɗan wani babba da bai taɓa leƙa cikin rumbu ba. Je ka yi karatun, Dauda. Ka karanto mini rabin da aka hana ni."

"Likoro fa?"

"Likoro suna bukatar wanda za su yi fushi da shi. Ni ina kusa."

Da na juya zan fita ya kira ni. Wannan ne kaɗai zargin da ya taɓa yi mini, kuma a hankali ya faɗe shi. "Sussukar kuskure ce, kowa na iya yi. Amma da ka faɗa mini maganar takardar nan ranar Lahadi, da motocin sun tarar da sito fanko."

Na yarda da shawararsa, kuma na yi saurin yarda. Wannan ma a rubuta shi.

Karatun na yi shi. A shekara ta biyu kuɗin gwamnati ya daina zuwa, na ƙarasa da wankin kwanuka. Na zauna a aji mai ɗumi ina jin manyan malamai suna sa wa abubuwa sunaye masu tsawo, kuma rabin abin da suka koya mini Baba Tanimu ya riga ya faɗa mini a zama ɗaya, kyauta, na ƙi ji. Yau ina da takardar da Malam ya so, mai fannoni biyu, kuma aikina shi ne kula da injunan da ke naɗe biskit a leda. Ƙasar da ta tura ni ba ta taɓa tambayar ina nake ba. Da farko nakan ce kuɗin jirgi ne ya hana ni komawa, daga baya na ce takardu ne. Gaskiyar ita ce ban san da wace fuska zan sauka a tashar Ikara ba.

Shi kuwa bai zauna ba. Ya koma rumfar Markus a Makarfi, suka ƙera wani ƙaramin inji da ake juyawa da hannu, mai cin dami ɗaya kawai a lokaci guda. Mata biyu suna iya ɗaukar sa. Sarƙar keke ce a jikinsa, saboda haka duk mai gyaran keke na ƙauye ya iya gyara shi. Dawa tana zaune a rumbunta, mai gida yana fitar da daminsa yadda ya saba, wahalar turmi ce kawai ta ragu. Nakan kwafe masa darussanmu da hannu in aika, shi kuma ya dawo mini da su da gyara a gefe: wannan ba zai yi a wurinmu ba, wannan ka tambayi malaminku wa ke riƙe da makullin. Injin ya shiga ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan. Likoro ce kaɗai, in ji Markus, ko kyauta ba sa karɓa, matansu suna nan da turmi, saboda sunan wanda ya ƙera. Da Baba Tanimu ya rasu Malam ya hau babur ya je jana'iza. Ya tsaya a sahun ƙarshe, ya dawo ba wanda ya ba shi hannu.

Sau huɗu ina rubuta masa cewa lokaci ya yi. Sau huɗu yana amsawa, "Ba yanzu ba." A nan ne nake da magana da shi, kuma zan faɗe ta ko da ya riga ya tafi. Bai kyauta ba. Shirun nan ba shi kaɗai ya biya shi ba. An kira Sani ɗan mai kiran soja a makaranta. Malama Rabi, maiɗakinsa, ta daina zuwa biki da suna a Likoro inda 'yar'uwarta ke aure. Ya ɗauki nauyin da ya ga zai iya, bai tambayi waɗanda ke gidansa ko su za su iya ba. Amma shi hana ni ya yi da baki, bai ɗaure mini hannu ba. Biro da takarda suna gabana kullum. Haninsa ya yi mini daɗi, shi ya sa na bi.

Markus, ɗan'uwana, kai ma yau ka fara ji. Ka zage ni yadda ka iya, na san ka iya. Bayan ka gama, ina roƙonka ka kai wannan Likoro, ka nemi ɗaya daga 'ya'yan Baba Tanimu ya sa a karanta ranar Juma'a bayan an sauko. Ka kai kwafi cocinmu na Ikara, domin mutanena ma su ji daga bakina. Ga mutanen Likoro, ba na neman ku yafe mini a yau. Ku dai ɗauke fushinku daga kan Malam Isiyaku ku ɗora inda ya dace. Mutumin da ya tsaya da buhu a ka a madadin dattijonku, ya kuma tsirar muku da iri, bai san da takardar ba sai a lokacin da kuka ji ta.

Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa nauyin da ya ɗauka a nan ya zame masa sauƙi a can. Allah ya ba Malama Rabi haƙuri, ya saka mata a kan abin da ta haɗiye ba tare da ta san dalilinsa ba. Allah ya raya Sani da ƙannensa, ya sa su ɗaga kai idan an ambaci ubansu. Allah ya jiƙan Baba Tanimu, ya mayar wa gidajen nan goma sha bakwai abin da suka rasa. Amin.

Ban tara dukiya a nan ba. Abin da na iya tsirarwa yana cikin ambulan ɗin da ke tare da wannan, da sunan Sani a bayansa: wasiƙun mahaifinsa goma sha huɗu, zanen ƙaramin injin shafi shida da hannunsa, umarnin da ya bar mini mai cewa dami biyar kawai, da kwafin kabon na takardar Kantoma guda ɗaya, sa hannuna yana gefen hagu.